Bayyararmu ta cika, haris na zubar da ruwan da dare: wa doka za ta kama?

Abu_Hafsat_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin nan ya kai wata biyu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina haya a wata amara (gidan bene na 'yan haya) mai hawa huɗu a kudancin Jidda. Layinmu ba a kawo masa bututun majari (mai kwashe ruwan ƙazantar gidaje) ba tukuna, bayyara muke amfani da ita, wato ramin da ke tara ruwan bayan gida. A da, da zarar ta kusa cika mai gida zai kira wayit, wato motar tanki, a zuƙe. Yanzu ya ce kuɗin ya yi masa yawa. Sai ya sayo ƙaramin injin famfo da dogon tiyo ya ba haris, wato mai gadin gidan, bayan ƙarfe ɗaya na dare haris ya ja ruwan ya zuba a ramin ruwan sama da ke bakin titi. Da asuba in za ka masallaci sai ka toshe hanci, wani lokaci ma ruwan ya kwanta a inda yara ke buga ƙwallo. Tambayata biyu ce. Me dokar ƙasar nan ta ce a kan wannan, kuma mu 'yan haya muna da laifi a ciki? Sannan in na kai balag, wato ƙara wurin hukuma, wa za a kama? Haris ɗin dattijo ne, ɗan'uwanmu, bawan Allah mai 'ya'ya a gida. Ba na so in zama sanadin wahalarsa.

Takari_Mansur:
Wa alaikumus salam. Ka kira 940 kawai, lambar amana ce, wato hukumar birni, ko ka ɗauki hoto ka tura ta manhajar Balady. Aikinsu ke nan.

Umm_Khadija:
Malam Abu Hafsat, kafin maganar doka ma, ina tankin ruwanku na ƙasa yake? In yana kusa da bayyarar, ku daina sha da girki da shi daga yau. A gidan da muka baro haka aka yi, bangon tankin ya tsage ba wanda ya sani, sai da yarana biyu suka kwanta da gudawa sannan aka buɗe aka ga abin da ke shiga. Har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Injiniya_Bala:
Abu Hafsat, a wannan fanni nake cin abinci, bari in faɗi abin da na sani.

Abin da ake yi a gidanku haramun ne a doka. Magudanar ruwan sama daban take da bututun majari. Ta majari tana kai ruwa matata a tace shi. Ta ruwan sama ba ta bi ta kowace matata, a Jidda teku take nufa kai tsaye. Saboda haka duk abin da haris ya zuba da dare, ɗanyensa zai isa Bahar Maliya ko ya tsaya a hanya ya ruɓe.

Dokokin da suka shafi wannan guda biyu ne manya. A da akwai dokar tataccen ruwan majari da sake amfani da shi ta shekarar 2000. Dokar ruwa ta 2020 ce ta maye gurbinta, tararta na iya kaiwa riyal miliyan 20. Sai dokar muhalli, ita ma ta 2020, kuma ita ce mai zafin: zubar da ruwan ƙazanta da ba a tace ba a rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa ko a wani sashe na muhalli yana cikin manyan laifuka, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 10 da tarar riyal miliyan 30, ko ɗaya daga ciki. Irin wannan laifi Niyaba, wato hukumar gabatar da ƙara, ita ce ke bincikensa ta kai kotu.

Dan_Gwammaja88:
Miliyan 30?! Injiniya, ai wannan ta kamfanoni ce. Wa zai ci tarar haris miliyan 30, ko an sayar da garinsu gaba ɗaya?

Injiniya_Bala:
@Dan_Gwammaja88 wannan iyakar sama ce, ba a ce kowa ita za a ɗora masa ba. Alƙali na duba girman ɓarna. Malalar bayyara a titi yawanci mukhalafa ce ta baladiyya, wato saɓa ƙa'idar hukumar birni, tana da nata jadawalin tara, kuma a kan mai gini ake rubuta ta saboda shi ke da alhakin bayyararsa. Amma kar mu yaudari kanmu: wanda aka tarar da tiyo a hannu da ƙarfe biyun dare, shi za a fara yi wa tambaya.

Direban_Wayit:
Ni shekara goma sha ɗaya ina jan wayit mai launin rawaya a garin nan, bari in faɗa muku yadda abin yake a ƙasa.

Ba a ko'ina muke sauke kaya ba. Akwai wuraren da aka ware, ka shiga layi, a rubuta lambar motarka, ka juye, ruwan ya wuce matata. Wani lokaci layin sai ya cinye maka rabin yini. A nan ne shaiɗan ke shiga. Mai mota yana so ka yi sahu da yawa, kai kuma da sahu ake biyanka, sai ka ga wani ya kauce bayan gari da dare ya buɗe bawul a kwari ko a fili. Na san waɗanda aka kama. Mota ta tafi hajzi, wato an tsare ta, direba ya shiga hannu, mai motar kuma ya rantse bai san komai ba. Wallahi ban taɓa ganin mai mota ya ce "ni na sa shi" ba, ko sau ɗaya.

Don haka ɗan'uwa, ka je ka samu dattijon nan yau ɗin nan. Ka ce masa Baba, ka ajiye tiyon nan. Ranar da abu ya ɓaci mai gida zai ce bai san da injin ba.

Abu_Hafsat_Jidda:
@Umm_Khadija na gode Hajiya, tankin bai fi taku shida daga bayyarar ba. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. @Direban_Wayit abin da nake tsoro ke nan.

Baffa_Kandara:
Ku yaran yanzu ba ku ga Jidda a lokacin da take Jidda ba. Shekaru da yawa yawancin garin nan a kan bayyara yake zaune. Ɗaruruwan wayit kullum suna ɗiban ƙazantar gari suna kaiwa gabas, wajen Buraiman, suna juyewa a kwari ɗaya har ya zama tafki. Mutane suka sa masa suna Buhairatul Misk, tafkin miski, saboda warinsa. Madatsar ƙasa ce kawai ta tare shi, ga gari a gangare. Duk wanda ke zaune a gabashin babban titi in hadari ya haɗu ba ya barci.

Dan_Gwammaja88:
Ai shi ne ya ɓalle a 2009 ya kashe mutane, ko Baffa?

Baffa_Kandara:
A'a ɗana, gyara. Tafkin bai ɓalle ba, Allah ya kiyaye. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ruwan sama ne da ya gangaro daga kwaruruka ya tarar an gina gidaje a hanyarsa, ba magudana. Ranar Tarwiya ce, alhazai na shirin Mina. Unguwar Kuwaiza ta fi shan wuya, mutum fiye da 100 suka rasu. Amma bayan nan tsoron tafkin ya kama kowa, don ya cika maƙil. Sarki Abdullah ya sa a yi bincike ƙarƙashin gwamnan Makka, Yarima Khalid Al-Faisal, aka kuma ba da umarnin a ƙafar da tafkin. A 2010 aka ƙafar da shi. An kuma gurfanar da jami'ai da 'yan kwangila a kotu kan ayyukan magudanun ruwa. Daga nan ne aka ɗauki maganar majari da gaske a garin nan. Mun biya kuɗin darasin da rayuka, shi ya sa in na ji ana zuba ƙazanta a magudanar ruwan sama raina ke ɓaci.

Ummu_Sudais:
Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Maƙwabciyarmu ta rasa ƙaninta a ranar.

Takari_Mansur:
Amin. To amma ni ban ga abin dogon zance ba. Laifi ne, a kai balag. In kowa ya ce yana tausayin haris, haka za a zauna cikin wari har cuta ta ɓarke.

Sadauki_Misfala:
@Takari_Mansur kai da takardunka a aljihu kake magana. Ka san in mota ta tsaya a ƙofar amara, ba bayyara kaɗai ake kallo ba. Akwai gidajen da in aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani iƙamarsa (takardar izinin zama) ta mutu, wani kafilinsa (ubangidan da ya tsaya masa) ya yi masa balag. Shi ya sa mutanenmu ke haɗiye wari su yi shiru, kuma masu gidaje sun san da haka, da shi suke cin zalinmu. Ba ina cewa kar a kai ƙara ba. Ina cewa mutum ya san gidan da yake ciki kafin ya ɗaga waya.

Malam_Jarwal:
Bismillah. Ina so in ƙara abu ɗaya, don kar a ɗauka dokar hukuma ce kawai. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce a ji tsoron abubuwa uku masu jawo tsinuwa: bahaya a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da ake hutawa. To wanda ya kwashe najasar gida guda ya malala a hanyar masallaci fa? Mai gidan nan yana da haƙƙin maƙwabta a wuyansa ko da amana ba ta taɓa zuwa ba. Shi kuma haris, ba a yi wa abin halitta biyayya a saɓon Mahalicci. Amma a tausasa masa, a nuna masa, don mai neman abinci ne.

Hauwa_Taif:
Malam, tunda ka shigo, ni ma ina da tambaya. An ce ruwan da ake ba itatuwan kan titi da filayen shaƙatawa daga majari yake. In ya fallatsar wa mutum a tufafi, zai iya salla da su?

Malam_Jarwal:
Malama Hauwa, Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar nan ta yi fatawa a kan wannan tun 1398 Hijiriyya, wato 1978. Sun ce in an tace ruwan sosai har ya koma asalinsa, ba a ganin alamar najasa a launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, to ya tsarkaka, ana iya alwala da wanka da shi. Sha ma sun halatta in ba cutarwa, sai dai sun ce barin shan ya fi in akwai wani. Sharaɗin shi ne tacewar ta cika. Injiniya zai fi ni sanin wane ruwa ne ya kai wannan matsayi.

Injiniya_Bala:
Allah ya saka, Malam. Tacewa hawa uku ce. Na farko, ruwa ya bi ta raga a tare leda da tsumma da yashi, sannan ya kwanta a manyan kwatamai laka ta zauna ƙasa. Na biyu, a hura masa iska a bar ƙananan halittu su cinye dattin da ya narke a ciki. Wannan shi ne zuciyar matata, kuma abu ne mai rai: in wani ya juye baƙin mai ko sinadarin masana'anta a majari, halittun sai su mutu, matata ta yi kwanaki tana fitar da ruwan da bai nuna ba. Dalilin da ya sa ake tilasta wa gidajen abinci su sa tarkon maiƙo ke nan, garejoji su raba mai da ruwa, masana'antu kuma su fara tace nasu kafin su haɗa da na gari. Na uku, a sake tacewa ta yashi ko makamancinsa, a kashe ƙwayoyin cuta da kulorin ko haske na musamman.

Akwai ma'aunin da muke kira BOD, yana nuna yawan iskar da ƙwayoyin halitta za su ci kafin su gama da dattin da ya rage. Ƙa'idar ƙasar nan ta ce ruwan da za a yi ban-ruwa da shi ba tare da taƙaitawa ba kar ya wuce miligiram 10 a lita, kuma sai mai hawa uku. Mai hawa biyu an yarda ya kai 40, amma an taƙaita abin da za a shayar da shi. Na wuraren da jama'a ke zama, mai hawa uku ake nufi.

Wani abin da mutane ba su sani ba: ita ma matatar doka na kanta. Kamfanin Ruwa na Ƙasa, wanda aka kafa a 2008, shi ke tattara ruwan majari ya tace a birane, wasu matatun kuma 'yan kasuwa ne suka gina suke gudanarwa bisa yarjejeniya. Cibiyar sa ido kan bin dokokin muhalli ita ke ba da izini, ta duba abin da ake zubarwa a teku ko a kwari. Ba wai gwamnati ta hana talaka ta bar kanta ba, a rubuce dai kowa da ma'auninsa.

Dan_Gwammaja88:
"A rubuce". Mu ma a gida a rubuce muna da komai. Akwai NESREA, hukumar kare muhalli ta Najeriya, tun 2007. Je ka duba kogin Challawa da abin da kamfanonin jima ke zubawa, ko ka bi Jakara ka ga ruwan da ake ba latas da kabeji. Ni a Gwammaja na tashi, na san launin ruwan nan.

Baffa_Kandara:
Gaskiyarka, amma kar ka haɗa. Wanda ya ga Wadi Hanifa a Riyad kafin gyara, ya gan shi yanzu da iyalai na shimfiɗa darduma a bakinsa, ya san an yi aiki. Har kyautar Aga Khan ta gine-gine aikin ya ci a 2010. Inda ake da saura shi ne irin unguwannin da Abu Hafsat ke ciki, waɗanda bututu bai kai ba.

Dan_Maiwurno:
Salamu alaikum. Ni daga Sudan na zo, yaƙin 2023 ne ya fito da mu. Ina karanta maganarku ina tuna Khartum. Can bututun majari ɗan yanki kaɗan ya rufe, tsakiyar gari da wasu unguwanni, yana kai ruwa tafkunan tacewa na Soba. Sauran masu hali sai su yi abin da muke kira saifun: tanki, sannan a haƙa rijiya mai zurfi har ta tarar da ruwan ƙasa, ƙazantar ta riƙa tafiya can. Ba ya cika, ba ka kiran mota, kowa na murna. Amma ruwan ƙasan nan shi ne wasu ke haƙa rijiya su sha. Muna da dokar kare muhalli tun 2001, likitoci da injiniyoyi sun yi ta magana. Da yaƙi ya zo, wuta ta ɗauke, tashoshin ruwa suka tsaya, mutane suka koma rijiyoyi da kogi, kwalara ta shigo. Na binne mutane da hannuna. Ɗan'uwa Abu Hafsat, kar ka raina ruwan da ke kwance a ƙofar gidanka.

Ummu_Sudais:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo muku zaman lafiya, ya mayar da ku gida cikin aminci.

Takari_Mansur:
Amin. Ga kuma sauron dengi, Jidda ta san shi tun 1994.

Nas_Aisha:
@Takari_Mansur ɗan gyara kaɗan. Sauron dengi ya fi son ruwa mai tsabta da aka ajiye a buɗe: durom, bokiti, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, tsohuwar taya. Ruwan bayyara wani sauron yake haifarwa, mai damun mutane da dare. Haɗarinsa na gaske shi ne gudawa, taifot, ciwon hanta nau'in A da tsutsar ciki, musamman ga yaran da ke wasa ba takalmi su zo su ci abinci ba wanke hannu. Maganar Umm Khadija ita ce ta gaggawa. A duba tankin nan.

Alhaji_Mai_Amara:
Ku yi haƙuri in faɗi ta ɓangaren masu gida, don ina kula da gini biyu na kafilina. Ba na kare mutumin nan, abin da ya yi ba daidai ba ne. Amma akwai unguwannin Jidda da ruwan ƙasa ya taso sosai, ka zuƙe bayyara yau, jibi ta cika, ba don mutanen gida sun yi amfani da ruwa ba, ƙasa ce ke mayar mata. Ga 'yan haya, shagga (sashen haya) mai ɗaki biyu a zuba mutum goma, injin wanki ba ya hutawa. In ka ce a haɗa kuɗin wayit sai a ce ba a cikin haya. Abu Hafsat, buɗe kwangilar hayarka ta Ejar, tsarin gwamnati na rajistar haya, ka ga abin da aka rubuta kan gyara da hidimomin gini. In an ɗora wa mai gida, ka nuna masa. In ba a ambata ba, ku zauna ku raba. Raba kuɗin wayit ya fi sauƙi a kan abin da zai biyo baya.

Sadauki_Misfala:
Alhaji, ko kwangila ta ce me, ba ta ce a ba dattijo tiyo ya fita da dare ba. Wanda ke karɓar haya shi ya kamata ya ɗauki kasada, ba mai albashin wata ba.

Alhaji_Mai_Amara:
Ban musa ba.

Injiniya_Bala:
Ƙari a kan maganar Alhaji: Abu Hafsat, ka bincika ko bututun majari ya iso babban titinku. Na sha ganin layin da aka gama aiki amma mai gida bai nemi a haɗa masa ba saboda kuɗin haɗawa. In bututu ya iso, haɗawa wajibi ce a kansa, a kuma cike bayyarar. Sannan duk maganar da za ka yi da shi, ka yi ta a rubuce ta WhatsApp, ka ambaci injin da tiyon a fili. Amsar da zai ba ka ita ce za ta nuna wa ya ba da umarni, kuma ita za ta taimaki haris in abu ya kai ga hukuma.

Direban_Wayit:
Wannan shawara ta yi. Kuma in za ku kira wayit, ku kira mai lasisi, ku karɓi rasit. Wanda ya ce zai yi muku rabin kuɗi, ku tambayi kanku ina zai kai kayan.

Abu_Hafsat_Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bayan isha na samu Baba haris, na karanta masa abin da Direban Wayit ya rubuta. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ba ya son aikin, ƙafarsa har ta fara ƙaiƙayi, amma in ya ƙi ina zai kwana. Ya yarda ba zai kunna injin ba daren yau. Mu biyar cikin 'yan haya mun haɗa kuɗin wayit ɗaya na gobe, sauran sun ce ba ruwansu. Na tura wa mai gida saƙo kamar yadda Injiniya ya ce, ya karanta, bai amsa ba. Ruwan sha kuma mun koma na galan har a buɗe tankin.

Takari_Mansur:
To in wayit ɗin gobe ya tafi, ta sake cika nan da sati fa? Ku biyar za ku yi ta biya wa sauran? Ni har yanzu ina kan 940.

Sadauki_Misfala:
A ba shi kwana uku ya amsa tukuna.

Umm_Khadija:
Abu Hafsat, in an buɗe tankin ku haska bangon da ke fuskantar bayyarar da tocila, daga ƙasa. Namu a can tsagar take, daga sama ba a ganinta.